Hoton Ƙoda na Nukiliya da Matsalolin Magudanar Fitsari

Gabatarwa

A bakin Bahaushe, kusan duk abin da na'ura ta leƙa cikin jikin mutum a asibiti sunansa hoto. Na ƙirji hoto ne, sikanin mai juna biyu hoto ne, wanda ake tura mutum cikin na'ura mai kama da rami shi ma hoto ne. Sai dai ba tambaya ɗaya duk suke amsawa ba. A wannan ɗan rubutu ina son in gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai wani nau'in hoto da ba kasafai ake jin labarinsa a Gombe ba, wato hoton ƙoda na nukiliya, wanda likitoci ke kira rinogiram. Mai karatu yana iya cewa ina ruwan ɗalibin harshe da wannan? Amsa ita ce, mu ne ake turawa mu raka iyaye da kakanni asibiti, mu ne kuma ke tsayawa tsakaninsu da likita muna yin tafinta. Idan tafinta bai fahimci abin da ake nema ba, to mara lafiya ma ba zai fahimta ba, alhali a nan ana maganar ko a cire wa mutum ƙoda ko a bar masa ita.

Batun suna

Kafin mu yi nisa sai mun daidaita a kan suna. Hausa tana da ƙoda, tana da mafitsara, amma siririn bututun da ke haɗa su mutane sukan kira shi da sunaye daban-daban. Wasu su ce jijiyar fitsari, wasu bututun fitsari, wasu kuma hanyar fitsari. Ni dai ban gamsu da jijiya ba, domin mun riga mun ɗora wa kalmar kaya da yawa: ta jini jijiya ce, ta agara jijiya ce, mai kai saƙo ƙwaƙwalwa ma jijiya ce. Hanyar fitsari kuwa tana rikicewa da ɗaya bututun, wanda ke fitar da fitsari daga mafitsara zuwa waje. Saboda haka a nan zan riƙa cewa magudanar ƙoda, ko magudana a taƙaice.

Kowace ƙoda tana da tata magudanar. A jikin babba tsawonta yakan kai santimita 25 zuwa 30, faɗinta kuwa milimita 3 zuwa 4 ne kacal, kamar bututun tawadar biro. Daga sama tana farawa da wani wuri mai faɗi kamar mazurari, inda fitsari ke taruwa kafin ya gangara. Ba kuma zuba kawai fitsarin yake yi ba, magudanar ce ke matsa shi kaɗan-kaɗan, kamar yadda maƙogwaro ke tura loma. Ƙodoji biyu suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a kowace rana, su mayar da kusan dukkansa cikin jiki, su bar lita ɗaya da rabi ko makamancin haka a matsayin fitsari. Duk wannan aiki ya dogara ne ga waɗannan siraran bututu biyu.

Abin da ke taɓa magudana a ƙasarmu

Na farko a wajenmu shi ne tsargiya. Duk yaron da ya tashi yana wanka ko su a bakin ruwa irin na madatsar Dadin Kowa, mai nisan kimanin kilomita 40 daga Gombe, ko ta Balanga, ko a kududdufai da fadamun noman rani, yana cikin haɗarin kamuwa da ita. Tsutsar tana fitowa ne daga jikin wani ƙaramin dodon koɗi, ta ratsa fata, ta girma a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, ta riƙa zuba ƙwai. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ne ya gano ta a Alƙahira a shekarar 1851. Abin da mutane suka sani game da ita shi ne fitsarin jini, har a wasu ƙauyuka ana ɗaukarsa alamar balagar yaro. Abin da ba a cika sani ba shi ne, ƙwan da suka maƙale a ƙarshen magudana suna jawo tabo, tabon kuma ya tsuke bututun. Maganin firazikwantal yana kashe tsutsar, amma tsohon tabo ba ya gogewa da ƙwaya. Sai mutum ya kai shekara 30 ko 40, ya manta da fitsarin jinin yarinta, sannan matsalar ta bayyana.

Sai tsakuwar ƙoda, wadda zafin bazara da ƙarancin shan ruwa ke taimaka wa, takan gangaro ta tsaya a magudana. Akwai kuma jariran da ake haifa da tsukewa daidai inda mazurari ya haɗu da bututu, da waɗanda fitsari ke koma musu sama daga mafitsara maimakon ya fita. A ɓangaren mata, magudana tana wucewa dab da mahaifa, don haka takan ji rauni a lokacin tiyatar haihuwa mai wahala ko cire mahaifa. Wasu daga cikin masu yoyon fitsari da ake gani a cibiyoyi irin na Babbar Ruga a Katsina da ta Ningi a Jihar Bauchi, yoyonsu daga magudana yake, ba daga mafitsara ba. Ciwon dajin bakin mahaifa ma yakan danne ta.

Haɗarin da ke cikin wannan duka shi ne shiru. Idan magudana ɗaya ta toshe sannu a hankali, fitsari yana taruwa, ƙodar ta kumbura, namanta ya yi ta sirancewa, amma ɗaya ƙodar tana ɗauke nauyin. Mutum yana fitsari lafiya lau, gwajin jininsa ma yana iya fitowa daidai, alhali yana asarar ƙoda guda.

Tambayar da sikanin ba ya amsawa

A ɗauka wani manomin rani ya zo Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke kan hanyar Ashaka, wanda aka kafa a 1996 a matsayin Cibiyar Lafiya ta Tarayya, yana kukan ciwon kwiɓin hagu. An yi masa sikanin, an ga ƙodar hagu ta kumbura da ruwa. To, sai me? Sikanin ya nuna siffa, amma akwai tambayoyi biyu da suka rage. Shin magudanar a toshe take, ko kuwa ta buɗe ne kawai ta yi faɗi tun wata tsohuwar lalura, fitsari kuma yana wucewa? Sannan wannan ƙodar, nawa ne ya rage na aikinta?

Bambancin ba ƙarami ba ne. Wanda ya san magudanan ban-ruwa ya san cewa ruwa yana iya taruwa a wuri saboda dalili biyu: ko dai shara ta toshe gaba, ko kuma wurin ne ya yi faɗi da zurfi, ruwa yana shiga yana fita a hankali. Mai kallo daga nesa duka biyun tafki zai gani. Na farko yana buƙatar a yashe shi da gaggawa, na biyu kuwa a bar shi. Haka lamarin yake a ƙoda. Idan toshewa ce, jinkiri yana cin ƙodar. Idan faɗi ne kawai, yanka mutum wahala ce da kashe kuɗi a banza. Hoton siti-sikan yana nuna tsakuwa da siffar bututu fiye da kowane hoto, amma shi ma ba ya auna aikin kowace ƙoda da lissafi yadda hoton nukiliya ke yi.

Yadda ake yin hoton

A hoton ƙirji, na'ura ce ke harba haske ya ratsa mutum. A nan kuwa abin ya juya: hasken daga cikin jikin mara lafiya yake fitowa, na'ura tana karɓa kawai. Ana yi wa mutum allura a jijiyar hannu da ɗan ruwa kaɗan mai ɗauke da wani sinadari da ake kira teknetiyom-99m. Wannan sinadari yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, mai suna gama. Shi kaɗai bai san hanyar ƙoda ba, don haka ake ɗaure shi a jikin wani maganin da ƙoda ke saurin tsamewa daga jini. Waɗanda aka fi amfani da su su ne DTPA da MAG3. Na biyun, wanda aka samar a 1986, ya fi ba da hoto mai kyau idan ƙoda ta yi rauni ko kuma jariri ne, domin ƙoda tana kwasarsa da yawa a kowane zagayen jini. Ke nan maganin shi ne jaki, teknetiyom kuma fitilar da aka rataya masa a wuya domin a ga inda ya bi cikin dare.

Kafin a fara ana ba mutum ruwa ya sha sosai, ya kuma yi fitsari. Sai ya kwanta rigingine, kyamarar gama tana ƙarƙashin bayansa. Wannan kyamara wani Ba'amurke ne mai suna Hal Anger ya ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1950. Da zarar an yi allurar, sai ta fara ɗaukar hotuna a jere ba tsayawa, na tsawon minti 20 zuwa 40. Babu zafi in ban da na allura, abin da ake roƙon mutum kawai shi ne kada ya motsa. Daga nan kwamfuta ta ƙirga yawan hasken da ke cikin kowace ƙoda a kowane lokaci, ta zana layi biyu, ɗaya na dama, ɗaya na hagu.

Wannan layi shi ne zuciyar gwajin. A ƙoda mai lafiya, yana tashi da sauri a minti na farko yayin da jini ya kawo maganin, ya ci gaba da hawa har ya kai ƙololuwa a tsakanin minti 3 zuwa 5, sannan ya gangaro yayin da fitsari ke kwashe maganin zuwa mafitsara. Siffarsa kamar tudu mai hawa a tsaye da gangara a kwance. Idan layin ya yi ta hawa bai sauko ba, to maganin ya shiga ya rasa mafita. Idan kuwa tun farko ya kwanta a ƙasa bai tashi ba, ƙodar ce ba ta da ƙarfin ɗauka.

Daga hasken da kowace ƙoda ta ɗauka a mintuna biyu ko uku na farko ake fitar da rabon aiki. A mai lafiya, kowace tana yin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Idan aka ce wa manomin nan ƙodarsa ta hagu tana yin kashi 35, to akwai abin da za a ceta, sai a gyara magudanar. Idan aka ce kashi 6 ne, likitoci da yawa za su fara tunanin cire ta, musamman in tana jawo ciwo, ruɓa ko hawan jini, domin abin da ya gaza kashi 10 da wuya ya farfaɗo. Wani lokaci sukan fara sa siririyar roba su zuƙe ruwan na wasu makonni, su sake gwajin, don a ba ƙodar dama ta nuna abin da ta rage da shi. A nan ne nake jan kunnen masu tafinta. Wannan kashi rabo ne tsakanin ƙodoji biyu, ba maki ba ne irin na jarrabawa. Mutumin da ƙodojinsa biyu suka lalace daidai wa daida zai samu 50 da 50, kuma yana iya kasancewa a bakin wankin ƙoda. Kada a ce wa tsoho "ƙodarka ta ci rabin maki", kada kuma a ce masa "an ce lafiyarka ƙalau" don kawai an ga 50.

Buɗe ƙofar madatsa

Saura tambayar toshewa da faɗi, domin a dukkansu layin yana iya ƙin saukowa. Dabarar da aka samo, wadda likita Patrick O'Reilly da abokan aikinsa suka bayyana a Ingila a 1978, mai sauƙi ce. Ana ƙara yi wa mutum allurar maganin sa fitsari, wanda aka fi sani da Lasix, galibi minti 20 bayan allurar farko, ko da yake wasu cibiyoyin suna ba da shi tare da ita ko minti 15 kafin ta. Maganin yana sa ƙoda ta kwararo fitsari da yawa a ɗan lokaci, tamkar an buɗe ƙofar madatsa. Idan wurin faɗi ne kawai, ambaliyar za ta wanke shi, layin ya faɗo nan take. Idan toshewa ce, ruwan ba shi da inda zai bi, layin ya tsaya a sama ko ya ƙara hawa. Abin da aka saba aunawa shi ne lokacin da rabin maganin ke ɗauka kafin ya fice: ƙasa da minti 10 alamar babu toshewa, sama da minti 20 alamar akwai, tsakaninsu kuma sai a haɗa da wasu hujjoji.

Gwajin yana da nasa tarko, kuma wasu daga ciki a hannun mara lafiya suke. Wanda ya sha doguwar tafiya cikin zafi bai sha ruwa ba, ƙodarsa ba ta da abin da za ta yi ambaliya da shi, sai layin ya nuna toshewar da babu ita. Mutanenmu sun saba cewa duk gwajin asibiti sai da yunwa da ƙishirwa ake yin sa, to wannan akasin haka ne. Cikakkiyar mafitsara ma tana hana fitsari saukowa, shi ya sa ake sa mutum ya tashi ya yi fitsari a sake ɗaukar hoto, wasu yaran kuma a sa musu roba. Ƙodar da ta yi rauni ƙwarai ba ta jin kiran Lasix, haka nan mazurarin da ya yi girma da yawa yakan daɗe bai wanku ba ko da hanya a buɗe take. Saboda haka likita ba ya yanke hukunci da lamba ɗaya.

Da wannan hoton ake kuma gano yoyo bayan tiyata, inda za a ga hasken ya fita daga hanyarsa ya taru a cikin ciki, har da masu dashen ƙoda, aikin da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara a 2002. Ga yara masu yawan ciwon fitsari da zazzaɓi, akwai wani nau'in dabam mai amfani da maganin DMSA. Shi ba ya wucewa, maƙalewa yake yi a naman ƙoda. Bayan awa 2 zuwa 4 sai a ɗauki hoto, duk inda tabo yake zai fito kamar gurbin da ɓera ya gutsura.

Tsoron kalmar nukiliya

Kalmar ta shigo Hausa ne ta labaran rediyo, a haɗe da bam da Hiroshima, don haka ba abin mamaki ba ne mutum ya ja da baya idan aka ce za a zuba masa ita a jini. Gaskiyar magana, abin da jiki ke sha a wannan gwaji kimanin milisibat 1 ne, a ma'aunin da masana ke amfani da shi. Matsakaicin abin da kowane ɗan Adam ke sha a shekara daga ƙasa, duwatsu, iska da sararin sama ya kai 2.4, siti-sikan na ciki kuwa ya ninka hoton nukiliyar sau da yawa. Bugu da ƙari, ƙarfin teknetiyom-99m yana raguwa da rabi a kowace awa 6. Bayan awa 24, kashi ɗaya cikin 16 ne ya rage, ban da wanda ya riga ya fita ta fitsari. Ba ya kuma wahalar da ƙoda kamar yadda ruwan da ake yi wa mutum allurarsa kafin siti-sikan kan yi wa masu raunin ƙoda. Duk da haka, mace mai ciki ko mai zaton tana da shi, da mai shayarwa, dole su faɗa wa likita tun kafin allura, kuma wannan magana ce da mace ba za ta so ta faɗa a gaban ɗanta ko surukinta ba. Ya kamata mai rakiya ya san lokacin da zai ba da wuri.

Me ya sa ba a samunsa ko'ina?

Wannan saurin mutuwa da ya sa sinadarin ya zama mai sauƙi ga jiki, shi ne kuma ya sa ya yi wuyar samu. Abin da ke ƙarewa cikin kwana guda ba ya ajiyuwa a kantin magani. Abin da asibiti ke saye shi ne uwarsa, molibdenom-99, wadda ke raguwa da rabi a kowace awa 66, tana rikiɗewa zuwa teknetiyom. Tana zuwa ne a cikin wata tukunya mai garkuwar dalma, kowace safiya ma'aikaci ya zuba ruwan gishiri ya wanko abin da ya taru. Masu aikin a Turai da Amurka sun yi wa tukunyar laƙabi da saniya, aikin kuma tatsa, suna da ba zai yi wa mutumin Gombe wuyar ganewa ba. Sai dai saniya ce da nononta ke ƙafewa cikin mako ɗaya ko biyu, tana asarar kusan kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinta a kowace awa, ko tana cikin jirgi, ko tana jiran takardu a filin jirgin sama.

Ita kuma molibdenom ana samun ta ne ta hanyar fasa yuraniyom, ma'adinin da ake haƙa a wurare irin su Arlit a Jamhuriyar Nijar, a cikin 'yan tsirarun tukwanen nukiliya na duniya, kamar na Petten a Holan da SAFARI-1 a Afirka ta Kudu. A 2009 da 2010, da tukunyar Chalk River ta Kanada da ta Petten suka tsaya don gyara, asibitocin duniya sun shiga ƙarancin da ya sa aka ɗage gwaje-gwaje masu yawa. Nijeriya tana da tukunyar bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, amma ƙarama ce, mai ƙarfin kilowat 30 ko kusa da haka, an yi ta ne don koyarwa da nazarin ma'adinai. Don haka daga waje ake shigo da saniyar, da kuɗin waje, da izinin Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Ƙasa. Ga kuma buƙatar wutar lantarki mai tsayawa, da ƙwararrun likitoci, masana kimiyyar haske da masu haɗa magani.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ya buɗe sashensa na wannan fanni a 2006 da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da ke Biyana, Babban Asibitin Ƙasa na Abuja ma ya fara a wajajen wannan lokaci. Daga cikin biyun Abuja ce ta fi kusa da mu, tafiyar fiye da kilomita 500 ta Bauchi da Jos. Wanda aka tura irin wannan wuri ya fara tuntuɓa ya ji ranar da sabuwar tukunya za ta iso kafin ya hau mota, domin ana tara marasa lafiya ne a kwanakin farko da take da ƙarfi. Ya tafi da takardar likitansa, da sakamakon sikanin da gwajin jini, da sunayen magungunan da yake sha, musamman na hawan jini da na sa fitsari. Bayan an gama, ya yawaita shan ruwa da yin fitsari a wannan rana, ya wanke hannu sosai, sannan ya tabbata an ba shi takardar mai ɗauke da layukan biyu da rabon aikin kowace ƙoda, domin ita likitan tiyata a Gombe zai kwatanta da ta gaba idan an sake gwajin wasu watanni bayan gyara.